Da Gambo Sawaba za ta dawo yau, da mu ne za mu fara jifanta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na hau Keke Napep daga Tudun Wada zan je dubiya cikin birnin Zariya. Da muka iso Ƙofar Gayan, mai keken, dattijo ne har da furfura a gemu, ya nuna allon asibiti da haɓa ya ce, "Hajiya, kin ga mai sunan nan? Allah Ya jiƙan Gambo. Namijin duniya ce. Ba a sake irinta ba." Na ce amin.

Ba mu yi nisa ba sai ga wata tsohuwar fosta a jikin katanga, rana ta cinye ta har fuskar ta koɗe. Wata mata ce da ta taɓa neman kujerar majalisa. Baba ya ja dogon tsaki. "Ita kuma wannan, ba ta da mijin da zai zaunar da ita ne?"

Tsakanin addu'ar da tsakin ko minti biyu ba a yi ba. Ban tanka masa ba, sa'an mahaifina ne. Amma har na gama dubiyar na dawo gida maganar tana cina.

Mun iya yabon Hajiya Gambo Sawaba ne saboda ta rasu, ba za ta ƙara hawa mumbari ta faɗa mana abin da ba ma son ji ba. Mun liƙa sunanta a babban asibitin Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero, muka shafa fatiha muka tashi. Amma duk dalilan da aka kafa aka zage ta a shekarun 1950, da su muke korar mata daga takara har gobe. Ko yabon da Baba ya yi mata ma ku duba shi: kafin ya iya girmama ta, sai da ya mai da ita namiji.

Laifuffukanta huɗu

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo kuwa sananne ne, ita ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gwalkwas ne, wato Ghana ta yau, safiyo ne da ya zo aikin reluwe ya musulunta ya zauna a Zariya. Mahaifiyarta Banufiya ce. To ga laifi na farko. Da yau ta sayi fom, kafin azahar an baza a WhatsApp cewa ba 'yar asalin jiha ba ce, a je a tambayo kakanta.

Ta yi firamaren En'e a Tudun Wada. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyar ta bi shi bayan 'yan shekaru, karatu ya tsaya nan. Laifi na biyu ke nan: ba takarda. Tsarin mulkinmu na neman ɗan takara ya kai matakin sakandare ko makamancinsa, kuma mun san yadda 'yan Facebook ke yi da wanda Turancinsa ya karkace, balle mace.

Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗauke da cikin fari ya sa ƙafa ya tafi, bai dawo ba. Ta sake aure bayan nan, ba sau ɗaya ba, kuma aurarrakin ba su daɗe ba. Laifi na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a bakin mutanenmu: bazawara ce, "ta kasa zaman aure". Ba wanda zai tambayi ina mijin da ya gudu ya bar yarinya da ciki.

Na huɗu shi ne bakinta. Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Daga taken jam'iyyar ne sunan Sawaba ya bi ta har kabari. A wancan lokaci shiga NEPU ba abin ado ba ne. Ikon ƙasa yana hannun sarakuna da En'e, 'yan doka nasu ne, kotun alƙali tasu ce, gidan yari nasu ne. Maza masu gemu da yawa a ɓoye suke riƙe katin jam'iyyar. Ita kuwa yarinya, ta hau kan teburi a gaban taron maza tana magana a kan haraji, da aikin tilas, da aurar da ƙananan yara, da hana mata karatu. Abin da ta sani ne, a jikinta aka yi.

Da ta je Kano tara mata, gida-gida ta riƙa shiga tana zama da matan kulle. Aka kama ta, aka kai ta gaban alƙali, aka ɗaure, da ta fito aka kore ta daga garin. Wannan somin taɓi ne. Lissafin da ya shahara shi ne sau 16 aka ɗaure ta. Ta sha bulala a bainar jama'a, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan bangar siyasa sun yi mata dukan kawo wuƙa. Ta taka har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan garinsu suka yi wa harajin mata bore, don ta ga yadda ake haɗa kan mata. Ta zama shugabar matan NEPU ta ƙasa. A Jamhuriya ta Biyu ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya. Ta rasu a watan Oktoban 2001, gidanta na Sabon Gari cike da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba.

Babban abin da ta nema shi ne a bar macen Arewa ta jefa ƙuri'a. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, namu suna gida. Aka karɓi mulkin kai a 1960, aka yi Jamhuriya ta Farko har ta rushe a 1966, suna gida. Sai a 1976 aka ba su dama, kuma ba 'yan siyasar da jama'a suka zaɓa ne suka bayar ba, gwamnatin soja ce ta Obasanjo. Babban zaɓen farko da suka shiga shi ne na 1979. Gambo tana da shekara 46 a lokacin. Wato ta yi kusan shekara 30 tana shan duka a kan siyasar da ba ta da ikon dangwala yatsa a cikinta.

Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda suka fita a 1979. Ta sha ba mu labarin yadda ta ɗauko zanenta na ƙasan adaka, ta sa kwalli, ta tafi kamar mai zuwa suna. Da ta dawo ta ƙi yarda ta wanke yatsan, har kishiyarta na yi mata tsiya. Ban taɓa jin ta ambaci sunan Gambo ba. Ina zaton ba ta san wa ya sha bulalar da ta kai ta layin nan ba.

Mun samu layi, ba mu samu kujera ba

Duk wanda ya taɓa zuwa rumfar zaɓe a Arewa ya san layin mata ya fi tsawo kuma ya fi haƙuri. Tun da sassafe suke fitowa, goyo a baya, katin zaɓe a naɗe cikin leda an ƙulle a bakin zane. Maza su zo su leƙa, in rana ta yi zafi su koma gindin bishiya ana musu. Matan na nan tsaye har la'asar. 'Yan siyasa sun san wannan sarai, shi ya sa ana gobe zaɓe taliya da sabulu da atamfa ɗakunan mata suke nufa.

To a duba inda ƙuri'un suke zuwa. Majalisar Dattawa kujeru 109 ne. A 2007 mata 9 suka shiga. Bayan zaɓen 2023 guda 4 ne, kuma ɗaya daga cikinsu sai da kotu ta karɓo mata. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, matan ba su kai 20 ba. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Aisha Alhassan, Mama Taraba, ta kusa a 2015, har kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Aisha Binani ta gwada a Adamawa a 2023. Baya muke ja.

Abin da jam'iyyu suka ware wa mace shi ne kujera guda mai suna "shugabar mata". Aikinta ta tara mata ranar gangami, ta raba anko, ta tabbatar an rangaɗa guɗa in ɗan takara ya ɗaga hannu. In aka shiga ɗaki za a yanke wanda za a tsayar, ita ce mai kula da a kawo abinci.

Na san za a ce ai Gambo ma shugabar mata ce. Haka ne. Sai dai tata kujerar gidan yari take kai mutum, ta yanzu kuwa kwangilar atamfa.

"Addini ne ya hana"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Ni ba malama ba ce. Na san hadisin da ake kawowa a kan mutanen da suka miƙa wa mace ragamar al'amarinsu, na kuma san malamai sun yi saɓani a kan iyakarsa: shugabancin ƙoli kaɗai yake nufi ko kowane muƙami. Wanda ya gamsu cewa mace ba za ta zama shugabar ƙasa ba, ba da shi nake jayayya a nan ba.

Tambayata ita ce, kansila fa? 'Yar majalisar jiha fa? Wannan wakilci ne, an aike ka ka je ka faɗi damuwar mutanenka. A ƙauye in rijiya ta ƙafe, wa ke tafiyar kilomita da jarka? In asibitin sha-ka-tafi ba ungozoma, wa ke mutuwa a hanya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, Manzon Allah (SAW) ya ɗauka. A nan ƙasar, Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna yawo ƙauyuka suna karantar da mata. Shehu ne mahaifinta, Sarkin Musulmi Bello ɗan'uwanta, Waziri Giɗaɗo mijinta, ba wanda ya ce ta koma ɗaki.

Ga kuma abin da ke ba ni mamaki. Hujjar addini da al'ada ce aka kafa aka hana kakanninmu zaɓe har 1976. Yau ana saura mako guda zaɓe za ka ji daga kan mumbari ana cewa kowa ya fitar da iyalinsa, kada mace ɗaya ta zauna a gida. Addinin bai canja ba. Lissafi ne ya canja, an gano ƙuri'ar mace ma ɗaya ce cif. Fitowarta ta zaɓe ka halal ce, fitowarta ta nemi ka zaɓe ta kuwa nan ne ake tuno kunya.

Malam Aminu Kano ba jahili ba ne, ɗan gidan malamai ne mai tafsiri. A 1983 da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, kafin ajali ya riske shi a watan Afrilun shekarar. Masu sa jar hula da masu rantsuwa da gidan Mumbayya su faɗa mana mata nawa suka tsayar tun daga nan.

"Siyasa ƙazanta ce, ba wurin matar kirki ba ne"

Wannan kam akwai gaskiya a ciki. Sai dai wa ya ƙazantar da ita?

Wata ƙawata, malamar firamare ce, ta nemi kansila a mazaɓarsu 'yan shekarun baya. Mijinta da kansa ya raka ta sayen fom. Matan unguwa suka yi mata adashe, har mai ƙosai ta kawo nata. Matsala ta fara ne daga lokacin taro. Duk zaman da ake yanke wani abu, sai bayan sha ɗayan dare ake kiransa, a wani masauki a bayan gari. In ba ta je ba, a ce ba da gaske take ba. Ranar da ta je, tare da ƙaninta, kafin gari ya waye labari ya kai gidan surukanta cewa an gan ta a otal da tsakar dare.

Ta daure. Ana saura kwana biyu zaɓen fidda gwani, wani dattijon jam'iyya ya kira ta. Ta ce da ta shiga ta durƙusa ta gaishe shi, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce, "'Yata, an yi maslaha. Ki janye wa yayanki. Ke mace ce, darajarki ta fi wannan rigimar. Za mu ba ki shugabar mata." Ta ce, "Baba, mutanen da suka tara mini kuɗi fa?" Ya ce, "Ki ce musu ni na ce."

Ba a daki ƙawata ba, ba a aske mata kai ba, na yarda an ci gaba. Amma sunan da aka kira ta da shi a bayan idonta, shi ne dai wanda masu adawa da NEPU suka riƙa kiran Gambo da sauran matan jam'iyyar da shi. Ba sai na rubuta shi ba, kowa ya san shi. Shekara 70 kalma ɗaya tana aiki, ba ta dushe ba. Namiji ɗan siyasa ya saci kuɗin asibiti a kira shi gwarzo, mace ta halarci taro a kira ta da wannan suna. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai kuma kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar sanata a APC naira miliyan 20 ne, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. Jam'iyyu na tinƙaho da cewa sun yafe wa mata kaso mafi tsoka na kuɗin fom. Madalla. Amma fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Daliget ba ya yafe nasa.

"Ai mata ne ba sa zaɓen mata"

Ana yawan faɗin wannan ana dariya, wai kishi kumallon mata. Mace ba za ta zaɓi sunan da ba ya kan takardar ƙuri'a ba. Kafin a zo ranar zaɓe an riga an tace 'yan takara a hannun daliget da iyayen gida, kusan dukkansu maza. Matan unguwar ƙawata da suka yi mata adashe ba su samu damar ƙin zaɓenta ba ma.

Hujjar da ta fi wannan ciwo ita ce a ce, to waɗanda suka shiga ɗin me suka tsinana? Da yawansu matan manya ne ko 'ya'yan manya, kuma wasunsu sun yi abin da maza ke yi, har da hannu cikin baitulmali. Ban musa ba. Ban taɓa cewa mace waliyyiya ce ba. Amma ba a taɓa cewa tunda sanatoci maza sun gaza, a daina tsayar da maza ba. Kuma in ƙofar da aka bari a buɗe ta kuɗi ce da sunan gida, ai 'yar gidan kuɗi ce za ta shigo. Marainiya mai takardar firamare irin Gambo ko bakin get ba za ta kai ba. Talaka namiji ma haka, don wannan ciwon ba na mata kaɗai ba ne, sai dai nasu ya ninka.

Kujerun musamman

Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Ciki har da na ware musu ƙarin kujeru, da wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. Wannan na biyun ya fi ba ni haushi. Mace ta tsaya a garinsu a ce ai kin yi aure kin bar mu, ta tsaya a garin miji a ce ke baƙuwa ce. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, aka ce za a sake dubawa.

Ina goyon bayan ware kujerun, amma da rabin zuciya. Tsorona kada gwamnoni su mai da su wata sabuwar "shugabar mata" mai jiniya, kowa ya kawo matarsa ko ƙanwarsa. Duk da haka ban ga wata hanyar da ta fi ta ba a yanzu. Nijar, da muke yare ɗaya da addini ɗaya, ta kafa dokar ba mata kaso tun shekarar 2000. Senegal, ƙasar Musulmi da manyan shehunan ɗariƙa, ta yi dokar raba daidai a 2010, mata suka haura kashi 40 cikin 100 a majalisarsu. Ban ji an ce Musuluncinsu ya ragu ba.

Kuma akwai abin da ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Jam'iyya za ta iya mai da taronta bayan la'asar a sakatariya maimakon tsakar dare a masauki. Malamin da ke kiran mata su fito zaɓe zai iya ƙara jumla ɗaya a huɗubarsa, ya tuna wa jama'a hukuncin ƙazafi. Wanda aka turo wa hoton 'yar takara da mummunan rubutu a ƙasa zai iya ƙin turawa gaba.

Ƙawata dai ta karɓi shugabar matan, ta ce gara ta kasance a ciki. Kwanan baya na leƙa gidanta na tarar da ita zaune a tsakar gida da dila biyu na atamfa mai hoton wani Alhaji, tana yanka tana rubuta sunaye a littafi. 'Yarta ta aji shida tana riƙe mata bakin turmin. Na tambayi yarinyar ko an taɓa koya musu Gambo Sawaba a makaranta. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Anti, ba asibiti ba ne?"